A riƙa buga mana alƙaluman duniyoyin nan

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da ma'aikatanka, ina yaba muku da kuke ware wa kimiyya fili a jaridarku, don ba kowa ke yi ba. Amma ina da ƙorafi. Duk sanda kuka kawo labarin duniyoyin da ke zagaya wasu taurari, tambayoyi uku kuke bi: akwai ruwa, akwai rai, ɗan Adam zai iya zama a can? Haka rahotonku kan tauraron TRAPPIST-1 ya tafi. An ce duniyoyi bakwai ne, an ce girmansu ya yi kusa da na tamu, aka ɗora hoton da mai zane ya ƙaga daga kansa, aka rufe. Abin da aka tsallake shi ne kwanakin da kowace duniya ke ɗauka kafin ta gama zagaye ɗaya. Alƙaluma bakwai ne, ba za su ci layi uku ba. Ni tsohon malamin lissafi ne a sakandare, kuma a ganina ainihin labarin yana cikinsu.

Ga su nan. Ana kiran duniyoyin da haruffa, daga b zuwa h, daga ta kusa da tauraron zuwa ta nesa. Shekarar b kwana 1.51 ce, c kwana 2.42, d kwana 4.05, e kwana 6.10, f kwana 9.21, g kwana 12.35, h kuma kwana 18.77. Mai karatu ya ɗauki biro. Ya ninka 1.51 sau takwas, zai samu 12.08. Ya ninka 2.42 sau biyar, zai samu 12.10. Ke nan kafin b ta yi zagaye takwas, c ta yi biyar. Haka zai ga zagaye biyar na c ya yi daidai da uku na d, uku na d da biyu na e, uku na e da biyu na f, huɗu na f da uku na g, uku na g da biyu na h. A cikin kwana 36 da ɗoriya, b ta zagaya sau 24, c sau 15, d sau 9, e sau 6, f sau 4, g sau 3, h kusan sau 2. Wannan jituwar zagaye ce, kuma duk yaron da ya iya ninkawa zai iya gano ta da hannunsa, ba sai ya yarda da maganar kowa ba.

Abin da ya sa na damu shi ne irin amsar da nake ji a majalisarmu idan an karanta labarin. Wani ya ce ikon Allah, ya yi shiru. Wani ya ce ƙaryar Turawa ce, wa ya je can ya auno? Na farko ba ni da ja da shi, sai dai ikon Allah bai hana mu ƙirga ba. Na biyu kuwa tambayarsa tana kan hanya, kuma rahotonku bai ba shi amsa ba. Tauraron yana nesa da mu tafiyar haske ta shekara 40, a ɓangaren burjin Dalwu. Babu wanda ya taɓa ɗaukar hoton ko ɗaya daga cikin duniyoyin nan bakwai. To yaya aka san nauyinsu?

Da farko dai, yadda aka gan su. Idan duniya ta gifta tsakaninmu da tauraronta, haskensa yakan ragu kaɗan na ɗan lokaci, ƙaramin husufi ke nan. A TRAPPIST-1 ragin bai kai kashi ɗaya cikin ɗari ba. Michaël Gillon na Jami'ar Liège da ke Beljiyam da abokan aikinsa suka fara lura da shi, da madubin hangen nesa mai faɗin santimita 60 kacal da ke La Silla a ƙasar Chile. Sun sanar da duniyoyi uku a 2016. Daga nan aka juya madubin Spitzer na Amurka da ke sararin samaniya, ya ƙura wa tauraron ido kusan kwana 20 a jere, sai a watan Fabrairun 2017 aka sanar cewa bakwai ne. A nan ma akwai abin da ya kamata jaridar Afirka ta ambata: tagwayen wancan madubi na Chile yana kan tsaunin Oukaïmeden a Maroko, ana gudanar da shi tare da Jami'ar Cadi Ayyad ta Marrakesh, kuma da shi aka yi wannan aiki.

Husufi yana ba da girman duniya da tsawon shekararta, amma ba ya ba da nauyinta. Nauyin daga jituwar nan ya fito. Kowane abu mai nauyi yana jan ɗan'uwansa. Tauraro yana jan duniyoyinsa, su ma suna jan juna, sai dai jansu ƙarami ne ƙwarai. Idan duniyoyi biyu ba su da jituwa, yau ta ciki za ta cim ma ta waje a wannan gefe na falaki (wato hanyar da duniya ke bi wajen zagaye), gaba a wancan gefe, fizgar yau ta soke ta jiya, a ƙarshe a tashi babu komai. Amma idan zagayensu uku ne da biyu, kusan wuri ɗaya suke haɗuwa kullum, fizgar tana zuwa ta fuska ɗaya, sai ta yi ta taruwa. Sakamakon haka husufin da ake jira ƙarfe kaza sai ya riga lokaci, bayan wasu watanni kuma ya makara. A TRAPPIST-1 wannan saɓani yana kamawa daga 'yan daƙiƙoƙi zuwa sama da rabin awa. Gwargwadon nauyin maƙwabciya, gwargwadon makarar da za ta jawo. A 2021 Eric Agol na Jami'ar Washington da tawagarsa suka tattara lokutan husufi sama da 400, suka fitar da nauyin dukan bakwai ɗin da kuskuren da bai wuce kashi 3 zuwa 5 cikin ɗari ba. Da aka haɗa nauyi da girma sai aka ga duk na dutse ne, amma sun ɗan fi tamu sakwarkwacewa, da kimanin kashi 8 cikin ɗari. Da agogo aka auna su, Malam Edita.

Abin da ya fi burge ni shi ne labarin h, ta bakwai. Lokacin sanarwar Fabrairun 2017 sau ɗaya tak Spitzer ya ga giftawarta, don haka ba a san tsawon shekararta ba. Rodrigo Luger, wanda a lokacin ɗalibin digirin digirgir ne a Jami'ar Washington, ya lura cewa a wannan gida, wato tauraron da duniyoyinsa, duniyoyi uku-uku ne suke ɗaure da juna. Ya ce in dai h na cikin sarƙar, shekararta ba za ta wuce ɗaya daga cikin adadi shida ba. Bayanan da ake da su sun kore biyar, saura kwana 18.77. Madubin Kepler ya kalli tauraron kwana 79, daga Disambar 2016 zuwa Maris 2017, aka buɗe bayanan, ga h nan tana giftawa duk kwana 18.77.

Ɗalibin aji huɗu na sakandare zai iya maimaita lissafin. Da'ira digiri 360 ce. Duniyar f tana cin digiri 39.10 a rana, g tana cin 29.14. Bambancinsu 9.96. A sake cire 9.96 daga 29.14, saura 19.18. A raba 360 da 19.18, amsa 18.77. Ma'anarsa, saurin g yana tsakiyar na f da na h daidai wa daida: duk kwana 36 f tana cim ma g, kuma duk kwana 36 ɗin g tana cim ma h. Mai lura zai ga cewa lissafin bibbiyu da muka yi a sama yana da 'yar ɓaraka, misali uku na g 37.05 ne, biyu na h kuwa 37.54. Ɗaurin uku-ukun nan shi ne wanda ya zauna cif. Saboda haka ba na son yadda ake rubuta cewa duniyoyin suna tafiya babu kuskure ko na daƙiƙa. Suna ɗan gaba, suna ɗan baya, suna kaiwa da komowa a kan ma'auni, kuma da ba don wannan kaiwa da komowa ba da ba a auna su ba.

Sai tambaya ta gaba: me ya hana su karo? Dukan bakwai ɗin suna cunkushe a fili ƙarami. Ta nesan cikinsu, h, tazararta da tauraron kusan kilomita miliyan 9 ce, mu kuwa tazararmu da rana kilomita miliyan 150. Da za a kawo su gidanmu, duk za su shige cikin falakin Uɗaridu, duniyar da ta fi kusa da rana, har a bar fili mai yawa. Da aka fara saka alƙalumansu a kwamfuta aka bar lissafi ya gudana, sai gidan ya riƙa wargajewa kafin a kai shekara miliyan ɗaya. Alhali an ƙiyasta shekarun tauraron sun kai wajen biliyan 7.6, ya girmi ranarmu mai biliyan 4.6. Ashe akwai abin da lissafin farko bai kama ba. Duk wanda ya taɓa ganin mata uku suna lugude ya san amsar. Turmi ɗaya, taɓare uku, kuma ba sa haɗuwa, domin kowace taɓarya tana sauka ne lokacin da 'yan'uwanta suke sama. A 2017 Daniel Tamayo da abokansa a Toronto suka nuna cewa idan aka bar duniyoyin suka shiga jituwar a hankali, kamar yadda ake zaton ya faru tun asali, kowacce tana samun gurbin da ba za ta matsi maƙwabciyarta ba, gidan kuma ya daɗe ninkin ba ninkin. Idan ɗaya ta ɗan yi gaba, wurin haɗuwa ya gusa, fizgar da za ta sha a sabon wurin ita ke mayar da ita.

Muna da irin wannan a gida, ba sai an je shekara 40 ba. Naftun tana gama zagayen rana a shekara 165, Fuluto a 248: uku na Naftun 495, biyu na Fuluto 496. Fuluto takan shigo ta fi Naftun kusa da rana, ta yi haka daga 1979 zuwa 1999, amma duk sanda ta shigo Naftun tana can wani gefe mai nisa. Watanni uku na Mushtari, wato Jufita, su ma haka: Io kwana 1.77, Yurofa 3.55, Ganimid 7.15, huɗu da biyu da ɗaya. Masanin lissafin Faransa Laplace ya warware wannan fiye da shekara 200 da suka wuce, kuma ɗaurin bai taɓa barin ukun su jeru a gefe ɗaya na Mushtari ba. Wannan ja da ake yi wa Io ba ya barin falakinsa ya zama cikakkiyar da'ira, sai Mushtari ta yi ta matsa shi tana saki, cikinsa ya yi zafi. A Maris 1979 Stanton Peale da abokansa biyu suka buga cewa lallai cikin Io a narke yake, kwanaki kaɗan bayan haka kumbon Voyager 1 ya wuce ya ɗauko hoton duwatsu masu aman wuta a kansa. Wannan ya shafi tambayar da kuka fi so, ta ruwa da rai, domin irin wannan matsi yana iya dumama cikin duniyoyin TRAPPIST-1 na kusa da tauraron.

Kada dai a ɗauka jituwa kullum kariya ce. A tsakanin Mirriku, wato Mars, da Mushtari akwai ɗimbin duwatsu masu zagaya rana, kuma tun 1866 Daniel Kirkwood ya lura da gurabe a cikinsu da suke kusan wayam. Wuraren su ne inda dutse zai yi zagaye uku a kan ɗaya na Mushtari, ko biyar a kan biyu. A can fizgar da ke taruwa tana miƙar da falakin dutsen ne har ta fitar da shi. Ya danganta da inda haɗuwar ke faɗawa da kuma nauyin masu haɗuwar.

Yanzu ga abin da nake ganin ya fi duka muhimmanci, kuma ban taɓa ganinsa a jaridar Hausa ba. Jituwa tana ba da tarihi. Tauraro sabon haihuwa yana zaune ne a tsakiyar faifan iskar gas da ƙura, a ciki duniyoyi ke dunƙulewa. Gas ɗin yana rage musu ƙarfi, suna gangarowa a hankali zuwa wajen tauraron. Ta farko ta iso bakin faifan na ciki ta tsaya. Ta biyu ta biyo ta, tana matsowa, har shekararta ta zo daidai uku da biyu ko huɗu da uku da ta farko, sai ɗaurin ya kama. Ta uku ta zo ta kama da ta biyu, haka har sarƙa ta cika. Faifan gas ba ya wuce 'yan miliyoyin shekaru kafin ya watse. Don haka duk inda aka ga sarƙa cikakkiya, an san abu biyu: duniyoyin sun gama haɗuwa da wuri, tun gas na nan, kuma tun daga lokacin babu wani babban abu da ya buge su, don da ya buga da sarƙar ta tsinke. Ƙasar da muke takawa ba ta samu wannan kwanciyar hankali ba. Ta ɗauki gomman miliyoyin shekaru tana haɗuwa, kuma bayanin da masana suka fi karɓa shi ne daga wani gagarumin karo watanmu ya fito.

Mafi yawan gidaje irin namu ne ta wannan fuska. An tabbatar da duniyoyi sama da 5,000 tun Maris 2022, daga 1995 da Michel Mayor da Didier Queloz suka gano ta farko a jikin tauraro mai kama da rana. A cikin gidaje masu duniyoyi da yawa da Kepler ya gano, kaɗan ne ke cikin jituwa. Wani abin mamaki kuma, waɗanda suka yi kusa da biyu da ɗaya, ko uku da biyu, sun fi taruwa a ɗan sama da adadin, ƙasa da shi kuwa kusan babu kowa. Lissafin André Izidoro da abokansa na 2017 ya nuna za a iya samun abin da Kepler ya gani idan yawancin gidaje da sarƙa suka fara, sannan wajen kashi 90 cikin ɗari ko fiye suka tsinke bayan gas ya watse, duniyoyi suka gwabza da juna, wasu suka haɗe. Namu ma akwai alamar an taɓa girgiza shi. Mushtari na zagaye a shekara 11.86, Zuhal, wato Saturn, a 29.46. Biyar na Mushtari 59.3, biyu na Zuhal 58.9: kusa, amma ba a ɗaure suke ba. Su ne taurari biyun da aka gani sun kusa manne wa juna a yamma bayan magariba ranar 21 ga Disambar 2020. Tun 2005 wasu masana da suka yi aiki a birnin Nice na Faransa suka kawo bayanin cewa manyan duniyoyinmu sun fara ne a matse, daga baya suka watsu zuwa inda suke yau.

Shi ya sa 'yan gidajen da sarƙarsu ta tsira suke da daraja. Gliese 876, mai nisan shekara 15 na tafiyar haske, shi ne inda aka fara ganin biyu da ɗaya a 2001, kuma a 2010 aka samu ta uku da ta mayar da shi huɗu da biyu da ɗaya irin na watannin Mushtari, da kwana 30, 61 da 124. Kepler-223 yana da huɗu masu zagaye takwas, shida, huɗu da uku. TOI-178 yana da shida, biyar a cikinsu a ɗaure.

Game da rai kuwa, madubin James Webb ya auna zafin TRAPPIST-1b a 2023, ya samu wajen digiri 230 a ma'aunin Salshiyos a gefen da ke fuskantar tauraron, kuma bai ga alamar iska mai kauri a kanta ba. Ku ci gaba da kawo mana irin wannan. Roƙona kawai, idan labari ya zo muku daga kamfanonin dillancin labarai, a nemi kwanakin zagayen a saka a ɗan akwati a gefe, kuma a rubuta a ƙarƙashin hoton cewa zane ne.

Ga aikin gida ga malaman lissafi da ke karanta wannan shafi, su kai wa ɗalibansu. A Nuwamban 2023 Rafael Luque na Jami'ar Chicago da tawagarsa suka sanar da duniyoyi shida a jikin tauraron HD 110067, mai nisan shekara 100 da 'yan kai na tafiyar haske. Madubin TESS ya fara hango giftawarsu a 2020, ya sake a 2022, amma biyu kaɗai aka iya tantance shekararsu. Madubin CHEOPS na Turai ya tabbatar da ta uku, daga nan aka bi sarƙa aka lissafa inda sauran ukun za su kasance. Shekarar ta farko kwana 9.11 ce. Ta biyu ta ninka ta sau ɗaya da rabi, ta uku ta ninka ta biyu haka, ta huɗu ta ninka ta uku haka. Ta biyar ta ninka ta huɗu sau ɗaya da sulusi, ta shida ta ninka ta biyar sau ɗaya da sulusi. A nemo shekarar ta shida, sannan a faɗi zagaye nawa ta farko take yi kafin ta shida ta yi ɗaya. Abin da aka auna a sama kwana 54.77 ne, sai ɗalibi ya gwada da nasa.

Na gode da ba ni fili. Allah Ya ƙara basira.

Naku,
Tsohon malamin lissafi,
Azare, Jihar Bauchi